Kaske Mai Buɗaɗɗen Baya: Neman Kaurin Sauti Ba Tare da Cutar Kunne ko Aljihu Ba

Filin Gida da Kayan Zamani

 

Ƴan'uwa masu karatu, wannan fili ya saba duba kayan zamani da ke shigowa gidajenmu, domin magidanci ya san abin da zai saya da abin da zai bari. A wannan fitowa za mu tsaya a kan abin sauraren nan da ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa biyu, wanda a kasuwanninmu ake kira kaske. Tambayar da ta yawaita a kansa ita ce: wane ne mai buɗaɗɗen baya, mai matsakaicin kuɗi, wanda kuma sautinsa ke da kaurin da zai gamsar da kunne? Masu tambayar sun haɗa da ɗalibai masu hadda, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara masu gyara murya a kwamfuta, da iyayen da ɗa ya matsa musu da roƙo, da kuma dattawan da ke son su ji tafsiri da dare ba tare da sun tashi masu barci ba.

Wani zai ce me ya haɗa mujallar iyali da wannan zance. Abu biyu ne. Na farko kuɗi. Abin da muke nufi da matsakaicin kuɗi shi ne daga yuro 100 zuwa 300, kuma tun da yuro ɗaya yana daidai da kusan sefa 656, wannan ya kama daga jika 65 zuwa kusan jika 200, ban da kuɗin kawowa da na duwan. A Nijar mafi ƙarancin albashi tun 2024 jika 42 ne, ke nan kaske na jika 100 ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Kuskure a irin wannan saye ba ya wucewa da dariya. Na biyu kuwa kunne, wanda aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta lissafa cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu. Hukuncin abin da mutum ke zubawa cikin kunnensa malamai sun yi bayaninsa, kowa ya koma ga malaminsa. Namu a nan shi ne bayanin na'urar kanta.

Buɗaɗɗe da rufaffe

A cikin kowane ɓangare na kaske akwai wani siririn tantani da maganaɗisu ke kaɗawa gaba da baya, shi ne ke tura iska ta zama sauti. Idan an rufe bayan tantanin da murfi kam, wannan shi ne rufaffe, a kwalin da aka rubuta da Faransanci za a ga fermé. Idan kuwa bayan raga ce kawai, iska na shiga tana fita, shi ne buɗaɗɗe, za a ga ouvert. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da buɗaɗɗe a 1968, da wani samfuri mai suna HD 414, kuma daga nan masu aikin sauti da masu sauraro a gida suka rungumi wannan tsari.

Dalilin da ya sa ake son sa a fili yake ga duk wanda ya gwada. A rufaffe, sautin da ya fita ta bayan tantani yana bugun murfi ya dawo, sai murya ta zama kamar ta mai magana cikin randa. A buɗaɗɗe wannan sauti ficewa yake yi, sai ka ji mai karatu kamar yana zaune a gabanka a zaure. Ga kuma iska da ke ratsawa, kunne ba ya jiƙewa da gumi da wuri, abin da duk mazaunin Yamai ko Injamena ko Marwa a watan Afrilu zai san darajarsa.

Akwai wata fa'ida da masu ƙera shi ba su yi don mu ba, amma ta dace da ladabin gidajenmu. Mai sanye da buɗaɗɗen kaske yana jin kiran salla, yana jin sallamar baƙo a ƙofa, yana jin uwa in ta kira, mace kuma tana jin kukan jariri. Da yawa daga cikin ɓacin ran da ke tsakanin iyaye da samari a yau daga toshe kunne ya samo asali: a kira yaro sau uku bai amsa ba, a ɗauka raini ne, alhali bai ji ba. Haka kuma abin da yake saurare yana ɗan fita waje, na kusa da shi zai ji, kuma uba mai lura zai ga alheri a cikin wannan.

To amma wannan yoyon sautin shi ne aibinsa a wani wurin. Bai dace da mota ko kasuwa ko ɗakin kwanan ɗalibai ba, domin hayaniya za ta shigo masa, shi kuma ya dami na kusa. Dattijon da ke son sauraro a gado ɗaya da mai barci, rufaffe ne ya fi masa. Buɗaɗɗen kaske kayan zaman ɗaki ne mai natsuwa. Wanda ba shi da irin wannan wuri, ya ajiye kuɗinsa ko ya nemi wani iri.

Me ya sa kauri ke yi masa wuya

Abin da samari ke kira bas, mu kuma muke kira kauri, shi ne sautin da ke ƙasa-ƙasa, irin amon tambari ko rugugin tsawa daga nesa. Ana auna sauti da yawan kaɗawarsa a cikin sakan ɗaya, ana rubuta shi Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kimanin 20 zuwa 20,000. Daga 20 zuwa 250 nan ne yankin kauri, kuma ƙasa da 60 shi ne can ƙarƙashi, inda sauti ya fi kama da girgiza. Tushen muryar namiji baligi yana tsakanin 85 da 180, na mace kuma ya ɗara haka. Ke nan ko wanda ba ya sauraren komai sai karatu da wa'azi yana da ruwa da wannan yanki, domin da shi ne murya ke samun cika da kwarjini.

Ku ɗauki misalin zugazugin maƙeri da ya huje. In an matsa shi da sauri, iska za ta kai ga wuta duk da hujin. In an matsa a hankali, sai ta sulale ta hujin ba ta kai ba. Sauti mai kauri matsawa ce a hankali. Tsawon zangon sauti mai kaɗawa 50 ya kusa mita 7, na mai kaɗawa 5,000 kuwa santimita 7 ne kacal. Don haka a buɗaɗɗen kaske iskar da tantani ya tura tana samun sararin zillewa kafin ta danna dodon kunne, kuma wadda ta fito ta baya tana kashe ƙarfin ta gaba. Wannan ne ya sa yawancin buɗaɗɗu ke fara rauni daga 100 zuwa ƙasa, wasu ma ba a jin komai sosai a ƙasa da 40.

Sai a haɗa da wata gaskiya da ya kamata mai saye ya sani tun a gida. Amon tambarin sarki ko na manyan lasifikokin biki ba da kunne kaɗai ake jin sa ba, ƙirji da ciki da tafin ƙafa duk suna ji. Babu kasken da zai girgiza ƙirji, rufaffe ne ko buɗaɗɗe, komai tsadarsa. Wanda ya je kasuwa da wannan buri zai dawo da ɓacin rai.

To mene ne kauri mai gamsarwa? A ganinmu kashi uku ne, kuma mutane na cuɗa su. Akwai zurfi, wato kaske ya iya sauka har 30 ko 20 ba tare da ya dushe ba. Akwai cika, wato ɗan ƙarin ƙarfi tsakanin 80 da 150, wanda ke ba murya ɗumi, ya ba ganga nauyin bugu. Sai kuma kumburi, wato ƙari mai yawa da ya haura 200 ya malala cikin murya ya lulluɓe ta. Na farko da na biyu su ake nema. Na uku shi ne dabarar kayan araha, yana burge kunne minti biyar a shago, bayan mako ɗaya ya zama ciwon kai. A kamfanin Harman na Amurka, Sean Olive da abokan aikinsa sun yi shekaru, tun daga wajen 2013, suna sa mutane su zaɓi sautin da suka fi so ba tare da sun ga sunan na'ura ba. Abin da ya fito shi ne yawancin mutane suna son ƙarin ƙarfi a ƙasa da 100 ko kusa da haka, amma tsakiyar sauti, inda murya take, a bar shi garau. Ashe son kauri ba rashin wayewar kunne ba ne, inda aka zuba shi ne abin dubawa.

Ga mai hadda wannan batu yana da nauyi na musamman. Bambancin sin da sad, da na ha mai sanyi da ha ta maƙogwaro, da gunna da ƙalƙala, duk a tsakiya da saman sauti suke. Kaske mai kumburi yana binne su, yaro ya yi ta maimaita kuskure yana zaton haka malami ya karanta.

Waɗanda suka cancanci a duba

Ba mu da kamasho a wurin kowa, kuma farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka halayensu za mu faɗa, kuɗin kuwa mai saye ya tambaya ranar da zai saya.

Philips Fidelio X2HR shi ne wanda aka fi ambata idan an ce buɗaɗɗe mai kauri a rabin ƙasa na wannan farashi. Yana da cika sosai, faɗin sautinsa yana da daɗi, om 30 ne, don haka wayar hannu tana iya tuƙa shi, kuma igiyarsa ana cire ta a sauya. Nauyinsa ne abin lura, ya kusa giram 380, wuya za ta sani bayan awa biyu.

Beyerdynamic DT 990 Pro, wanda ake ƙerawa a garin Heilbronn na Jamus, tsohon hannu ne a ɗakunan ɗaukar murya. Yana da bugu mai ƙarfi a wajen 100, jikinsa yana da ƙwari, matashinsa na karammiski ne mai taushi. Amma saman sautinsa yana da kaifi a wajen 8,000, inda haruffan sin da shin da sad suke shewa, kuma akwai kunnuwan da ba sa jure wannan. Igiyarsa a manne take, kuma irin da ya fi yawa a kasuwa om 250 ne. Ƙanensa DT 900 Pro X, wanda ya fito a 2021, om 48 ne, kaurinsa ya fi zurfi da daidaito, kaifin ya ragu, igiyarsa kuma tana cirewa, sai dai ya fi tsada.

A gidan Sennheiser akwai HD 600 na 1997 da HD 650 na 2003, waɗanda har yau ake ƙera su, kuma a fitar da muryar ɗan Adam kamar yadda take da wuya a sami na gabansu a wannan kuɗi. HD 650 ya fi ɗumi, amma dukansu biyu suna rauni a can ƙarƙashi, dukansu om 300 ne, farashinsu kuma yana bakin iyakar da muka sa ko ya ɗan haura. Falalarsu babba ita ce kusan kowane sashe nasu ana sayar da shi daban, matashi da igiya da soson ka, don haka kaske ɗaya zai iya yin shekara 15 a gida. HD 560S na 2020 ya fi su araha da sauƙin nauyi, om 120 ne, yana sauka ƙasa fiye da su, amma ba shi da cikarsu. Kaurinsa mai tsabta ne mara ƙiba, ya fi dacewa da mai gyaran murya a rediyo.

Sai wani dangi daban, wanda kamfanin HiFiMAN na ƙasar Sin ya sauko da farashinsa, irin su HE400se da Sundara da Edition XS. A waɗannan, tantanin faffaɗa ne shimfiɗaɗɗe a jikin jerin maganaɗisu, yana motsi gaba ɗayansa lokaci guda. Saboda faɗinsa yana iya sauka har kusan ƙarshen abin da kunne ke ji ba tare da ya dushe ba. Wanda zurfi ne burinsa nan zai duba. Amma kada ya zaci bugu mai nauyi, domin kaurinsu a shimfiɗe yake, ba tudu. Suna da nauyi, suna son wuta fiye da abin da adadin om ɗinsu ke nunawa, tantaninsu kuma siriri ne ƙwarai, ba ya son faɗuwa, ba ya son ƙura. A gidan da ƙananan yara ke da damar kai hannu ko'ina, wannan abin tunani ne.

Wanda kuɗinsa bai kai wannan matsayi ba kada ya ci bashi. Koss Porta Pro, wanda ake yi tun 1984 da kamanni ɗaya, ƙarami ne mai zama a kan kunne, buɗaɗɗe ne, yana da ɗumi da cika fiye da girmansa, kuma kuɗinsa bai kai na mafi arahar waɗanda muka lissafa ba. Ga ɗalibi ya wadatar.

A taƙaice, mai son cika da waya kawai a hannu ya fara da X2HR. Mai son zurfi wanda zai iya ƙara ƴar na'urar ƙarfi ya duba na HiFiMAN ko DT 900 Pro X. Wanda murya ce gaba da komai a wurinsa, yana kuma son abin da za a gada, HD 650 ko HD 600.

Maganar om da ƙarfin waya

Om ma'auni ne na yadda kaske ke tare wutar da ke shigarsa. Mai om 30 zuwa 50 yawanci waya ko kwamfuta ta ishe shi. Mai 250 ko 300 yana bukatar turi mai ƙarfi, in bai samu ba sai sauti ya yi ƙasa, mai shi ya ɗauka an cuce shi. Ana duba wannan adadi tare da wani da ke kusa da shi a kwali, wanda Faransanci ke kira sensibilité, mai nuna yawan ƙarar da kaske ke bayarwa da wuta kaɗan.

Tun da Apple ya cire ramin kaske daga iPhone 7 a 2016, wayoyi da yawa sun bi sahu, sai an sayi ƴar igiyar da ake sokawa a ramin caji. Wannan ƴar igiya ba waya ce zalla ba, a cikinta akwai ƙaramar na'ura mai juya lambobi su zama sauti ta kuma ƙara masa ƙarfi, kuma ba dukansu ne ƙarfinsu ɗaya ba. Ta Apple da ake sayarwa a Turai rabin turin ta Amurka take bayarwa, saboda dokokin kare kunne na can. Tun da yawancin saƙonmu daga Faransa da Beljiyam yake zuwa, wanda ya sayi kaske mai om 300 ya san da wannan, ya ware jika 10 zuwa 30 don ƙaramin ampili. Kada kuma a ruɗe shi da cewa sai ampili mai tsadar kasken kansa, ko igiyar azurfa, kafin kauri ya fito. Isasshen ƙarfi kawai ake bukata.

Akwai kuma hanyar kyauta. Manhajar daidaita sauti, kamar Wavelet a wayoyin Android ko Equalizer APO a kwamfuta mai Windows, tana ba da damar ƙara desibel 4 ko 5 a ƙasa da 100, a bar sauran yadda yake. Sharaɗin shi ne a rage ƙarar gaba ɗaya daidai da abin da aka ƙara, in ba haka ba sauti zai fashe. Masu faffaɗan tantani suna karɓar wannan ƙari cikin sauƙi. Da wannan dabara, kaske mai tsabtar murya zai sami kaurin da ya rasa, amma mai kumburi ko mai kaifi ya fi wuyar gyara. Shi ya sa in za a yi rangwame a wuri ɗaya, gara a ɗauki mai kyawun murya da ƙarancin kauri.

A kasuwa

Da wuya a sami waɗannan samfura a shagunan Babbar Kasuwar Yamai ko Kasuwar Dole ta Damagaram, yawanci sai an yi saƙo ko an sami na hannu. Duk wanda aka ce maka sabo ne a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, jabu ne, araha kuwa ba ta ado. Na hannu ba laifi ba ne, kaske mai igiya ba shi da batir da zai mutu, amma a duba matashinsa. Matashi ba don taushi kaɗai yake ba, shi ne ke riƙe iskar da ke tsakanin tantani da kunne. In ya lotse ko ya yage, sauti ya sauya, kuma sabon matashi na asali yana iya cin jika 20 ko fiye, a cire wannan daga farashi. A yanayinmu karammiski ya fi fatar roba, wadda zafi da gumi ke sa ta ɓare cikin shekara ɗaya ko biyu. Ƙafar tabarau mai kauri, ko gefen hula ko ɗankwali da ya shiga ƙarƙashin matashi, duk suna buɗe hanyar da kauri zai zille.

In an sami damar gwaji, a je da abin da kunne ya riga ya sani. Karatun Shaihu Mahmud Halil al-Husari, wanda ya ɗauki Alƙur'ani cikakke da ruwayar Hafs a 1961, da ta Warsh da muka gada a ƙasashenmu a 1964, ma'auni ne mai kyau, domin kowane harafi a wurinsa yana fita daga mafitarsa. A saurara ko muryar tana da jiki ba tare da ta toshe ba, ko sin tana sukar kunne. Sannan a sa wani abu mai ganga ko mandiri, a ji ko kowane bugu yana tsayawa kafin na gaba, ko kuwa suna narkewa cikin juna. A gwada hagu da dama daban-daban, a motsa igiya a ji ko tana yankewa. A bar shi a ka aƙalla minti 20, domin matsi da nauyi ba sa bayyana a minti na farko. In ana kwatanta biyu, a daidaita ƙararsu, domin kunne kullum yana zaton wanda ya fi ƙara shi ya fi kyau, kuma masu shago sun san haka.

Bayan an kawo shi gida, a tuna cewa ragar da ke fitar da sauti ita ce ke shigar da ƙurar hunturu. A ajiye shi cikin jaka ko akwati, kada a bar shi rataye a ƙusa, kada a hura masa iska da baki ko famfo, kada a bar shi cikin mota a rana.

Amanar kunne

Nan ne zancen kauri ya haɗu da zancen lafiya. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri sosai idan sauti yana ƙasa, sai an ɗaga ƙara yake cika. Ma'anarsa, wanda kaskensa ba shi da kauri zai yi ta ƙara murya yana neman sa, kuma a hanyar haka sai tsakiya da saman sauti, waɗanda suka fi cutar da kunne, su wuce kima. Kaske mai isasshen kauri yana gamsarwa a ƙaramar murya, kuma a wurinmu wannan ita ce babbar hujjar neman sa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'aunin da ta fitar a 2019 tare da hukumar sadarwa ta duniya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, desibel 75 ga yaro. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa biyu da rabi a mako gaba ɗaya. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar ba ta zuwa da ciwo. Alamarta ita ce ƙugi a kunne bayan an cire kaske, ko jin maganar mutane kamar daga bayan bango. Abin da ke fara tafiya kuwa shi ne saman sauti, wato daidai inda ake rarrabe haruffa.

Buɗaɗɗen kaske yana ba da ma'auni mai sauƙi wanda ba ya bukatar na'ura. In wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya yi magana da muryarsa ta kullum ba ka ji ba, ƙarar ta yi yawa. Uwa za ta iya gwada ɗanta da wannan kowace rana. Haɗarinsa kuma shi ne wurin hayaniya, kusa da injin wuta ko injin niƙa ko bakin titi, inda mai sauraro zai ɗaga murya don ya rinjayi ta waje. A irin wannan wuri a cire shi. Mai tuƙa babur ko mota kuwa babu irin kasken da ya dace da shi. Idan kuma karatu ne ke tafiya, a tuna da umarnin aya ta 204 ta Suratul A'araf game da natsuwa a saurara, a kuma tsayar da shi kafin a shiga makewayi, tun da sautinsa yana fita waje.

Kammalawa

Ƴan'uwa, aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen kashe dukiya, kuma wannan saye yana cikin wuraren da ake gwada mutum da haka. Wanda aikinsa ko karatunsa ya rataya a kan sauraro, ya sayi mai kyau sau ɗaya ya kula da shi, ya fi ya sayi na jika 5 sau goma. Wanda kuwa hatsin gida ko kuɗin lakkol na yara bai cika ba, babu kaurin sautin da ya kai wannan nauyi, ya jira. In ɗa ne ke roƙo, muna ba iyaye shawara su zauna da shi su tambaye shi a ina zai saurara, da me zai haɗa, me kuma zai saurara, domin amsar waɗannan ita ce za ta nuna irin da ya dace da shi, ko ma bai bukata ba tukuna.

Allah ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, ya sanya mu cikin masu sauraren magana su bi mafi kyawunta, ya shirya mana zuriya.